Shinkafar Adda Hindatu da Titin Waya

A Tudun Wada masu turara shinkafa sun fi a ƙirga, amma in aka ce ta Adda Hindatu ce, to an gama magana. Ba arha take yi ba, ba ta kuma da fara'ar ciniki. Ni kaina ta taɓa yi min kallon da ya sa na haɗiye tayina. Abu guda take da shi: haƙorinka ba zai gamu da tsakuwa a shinkafarta ba. Da wannan suna ta riƙe gida tun da ciwon baya ya kwantar da mijinta, Malam Sunusi.

A wajen kakarta ta koyi sana'ar. Ta jiƙa shanshera, ta turara a rabin duro, ta baza a tamfol tana bi da ƙafa tana juyawa, in ta bushe a kai inji. Wahalar duk a shanya take, don da tamfol ya huje ƙasa ta shiga, sai ta wuni tana tsinta tana mita.

Bara aka zo gyaran hanyar bayan unguwarsu, wadda manyan motoci suka farfasa. Ba kwalta aka zuba ba, kankare ne, kuma babu rodi a ciki. Gutsattsarin waya ake juyewa a kwaɓin buhu-buhu, kowace ba ta kai tsawon yatsa ba. Ma'aikatan suka ce ita ke riƙe simintin kada ya tsage, ga sauƙin kuɗi. Mutane suka ce Allah ya sa, suka raɗa masa titin waya.

Da aka gama sai aka tare hanyar, aka ce mota ta dakata sai ya yi ƙwari. Masu shanya kuwa suka ga fili fes, ko ƙura babu, suka cika shi da shinkafa. Adda ta yi ta harararsu daga bakin ƙofa, har ranar da ta ga ta maƙwabciyarta ta bushe kafin la'asar. Washegari ta share gefen titin da kyau, ta baza tata. Tsakuwa take nema da ido, ita ta sani. Ba ta lura da 'yan wayoyin da suka zube a inda aka yi kwaɓi ba.

Zubaida, mai sayar da abinci a tasha, ita ce babbar mai sayenta. Rannan ta shigo gidan da hannu a dunƙule.

"Adda, ina wuni? Ya jikin Malam?"

"Da sauƙi. Lafiya na gan ki haka?"

Zubaida ta buɗe hannu. Waya ce, 'yar siririya, ta yi tsatsa.

"Wani direba ne ya zaro ta daga bakinsa. Allah ya tsare bai haɗiye ba. A gaban mutane ya ture min kwano, Adda."

Na zaci Adda za ta yi musu, don na san bakinta. Ba ta yi ba. Ta yafa mayafi ta tafi wajen mai gyaran rediyo, ta samo maganaɗisun tsohuwar lasifika, ta naɗe shi a tsumma. Duk shinkafar da ke gidan sai da ta zazzage ta bi da shi, ta kuma aika aka dawo da wadda ta sayar. Abin da ya maƙale a tsumman bai cika cokali ba. Daga nan ta koma tamfol ɗinta mai faci.

Titin dai yana nan, damina ta wuce a kansa bai tsage ba, kuma Adda da bakinta take cewa aiki ya yi kyau.

Zubaida ta jima ba ta leƙo ba, sannan ta dawo. Suka gaisa kamar da, aka auna mata. Sai ta ce, tana kallon ƙasa:

"Adda, ɗan ara min faifai."

Adda ta miƙa mata. Zubaida ta zauna a tsakar gidan tana tsinta tiya-tiya, Adda ta kawo mata ruwan sha ta shige ɗaki. Ban taɓa jin tausayin Adda kamar ranar ba.

Zubaida ba ta samu komai ba. Da ta dawo mako na gaba, da faifanta ta zo.