Hannuna Ya Riga Ganga

Lokacin ina aji biyar na sakandare, ni ce yarinyar da ko sunanta aka kira a aji sai muryarta ta maƙale. Ba na magana, amma ina lura. Daga ƙarar takalmi nake gane malamin da ke tahowa. Yayana ya tafi bautar ƙasa ya bar jitarsa mai lantarki a bayan ƙyaure, a gidanmu na Runjin Sambo, bayan ya koya mini kama tsirkiya. Baba bai hana ni taɓa ta ba. Sharaɗinsa kawai kada maƙwabta su ji, a ce gidansa ya koma gidan makaɗa.

Malamar da ke kula da ƙungiyar kiɗan makarantarmu ta tura mana bugun ganga a waya, ta ce mai son hawa dandamali ranar yaye ɗalibai ya ɗora kiɗansa a kai, ya naɗa a gida ya kawo mata. Ban taɓa son wani abu kamar wannan ba, don jita ce kaɗai ke faɗin abin da bakina ya kasa. Na riƙa hana cikina kuɗin tara har na iya zuwa wani shagon kayan waya. Na sayi siririyar igiyar da ke haɗa jita da waya, na nemi abin kunne mai igiya irin na yayana. Mai shagon ya ce haba ƙanwata, wannan ai na tsofaffi masu rediyo ne, in ɗauki bulutut marar igiya, in cusa shi ƙarƙashin hijabi, ko Inna ba za ta san ina kiɗa ba. Da wannan maganar ya kama ni, na saya.

Tun ranar farko na ga matsala. In na bugi tsirkiya ina kallonta tana rawa, sai daga baya sautin ya iso kunnena. Kamar ka hango mai daka daga nesa, taɓarya ta sauka, sannan ƙarar ta biyo. Na koma shagon na gaya masa sautin yana makara. Ya tuntsire da dariya har ya yafito maƙwabcinsa ya zo ya ji. Ya ce kayansa ba sa makara, hannun da ya saba da muciya ne ke makara, in kuwa sautin situdiyo nake so to babana ya gina mini. Na sunkuyar da kai, na ce na gode. Wallahi har yau wannan godiyar tana ƙona mini rai.

Tunda an ce laifin hannuna ne, sai na hukunta hannun. Kullum bayan la'asar ina ɗaki, ina koya wa yatsuna su bugi tsirkiya kafin ganga ta faɗi, don sautin biyu su haɗu a kunnena. Na yi ta yi har ya zame mini jiki. Abin da na naɗa ya fito tsaf, malama ta saurara ta ce an ɗauke ni.

Ranar gwaji na farko ba waya, ba abin kunne, sai wata 'yar ajinmu da gangarta a gabana. Muna farawa na wuce ta. Aka sake, na sake wucewa. Malama ta tsayar da mu ta ce ɗiyata ina zuwa haka, ko tuwo na bari a wuta. Kafin a tashi 'yan mata sun raɗa mini suna Kabu-kabu, irin masu haya da babur, wai ba na jiran kowa a hanya. Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ban haɗiye ba shi ne da malama ta ja ni gefe ta ce in ji tsoron Allah in faɗa mata ko tsohon kiɗan yayana na kawo. Ni da yatsuna suka bushe a kan tsirkiya aka mai da ɓarauniya! Amsar tana bakina, ta ƙi fita. Malama ta ɗauki shiruna a matsayin amsa laifi, ta ba wata gurbina. Ranar bikin ina cikin 'yan tafi.

Da yayana ya dawo, bugu ɗaya ya yi da abin a kunnensa ya fizge shi. Ya ce bulutut sai ya tsaya ya sarrafa sauti kafin ya miƙo, don haka ba a kiɗa da shi. Ya samo mini ɗan akwatin sauti na hannu, mai maɓallin da ke kai ƙarar jita kunne kai tsaye ba tare da ta bi ta cikin waya ba, ya haɗa da abin kunne mai igiya, mafi arha a kasuwa, irin wanda aka raina mini. Na buga, sautin ya zo tare da yatsana. Ban yi murna ba. Haushi ne ya turnuƙe ni, don ashe tun ranar farko idona gaskiya ya gaya mini.

'Yan'uwana masu son naɗar kiɗa a ɗaki da ƙaramin ƙarfi, ku riƙe igiya, komai muninta. In sauti yana makara ku tuhumi kayan kafin ku tuhumi kanku, kuma kada dariyar mai sayarwa ta sa ku ƙaryata abin da kuka gani. Na sauya kaya cikin yini guda, amma hannu bai sauyu ba. Yanzu nakan zauna gindin turmin Inna da jita a cinya, ina koyon jiran taɓarya. Har jiya na riga ta.