Boris ɗin da Baba Ya Ƙi

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya daɗe yana aiki a Jidda. Sa'o'insa da suka dawo, wani ya zo da firji, wani da talabijin. Shi kuwa ya sauka garinmu Mafaza a bayan lori, rungume da wani abu mai kama da babur ɗin da aka sace wa ƙafafu. Ya ce mashin ɗin ruwa ne, hawansa ake yi a kan teku, kuma ɗan abu kaɗan ne ya lalace a cikinsa. Duk wanda ya san Kawu ya san girman "ɗan abu kaɗan" ɗinsa. Ga shi kogin Rahad ɗin namu da damina kawai yake kogi, in rani ya yi jakuna ke birgima a cikinsa.

Aka kai wa Baba. Mahaifina usta ne, wato makanike, tun kafin a haife ni yake gyaran injin ban-ruwa da injin niƙa, kuma abin tinƙahonsa ɗaya ne: injin da ya fita daga hannunsa bai taɓa dawowa ba. Amma a shekarun nan samarin makanikai sun yi yawa a garin Fau da ke kusa da mu, manoma sun fara gaishe shi da ladabi su wuce da injinansu a keken jaki. Abin yana cin sa, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Shi ya sa da wani ya ce a wurin mai shayi wannan aiki ya fi ƙarfin tsoho, Baba ya ajiye kofi ya ce, kafin ruwan Rahad ya janye mashin ɗin nan zai yi gudu, in bai yi ba ya daina riƙe sifana. Magana zarar bunu. Kafin la'asar har matan da ke daka sun ji.

Da aka buɗe injin sai ga ta'asa. Ruwan gishiri ya shiga ya kwana, ya wuni, ya yi shekara. Karanshaf, wato sandar ƙarfen da fistin ke juyawa, bai ji ciwo ba, amma boris biyu, wato zobban ƙarfe masu ƙwallaye a ciki da ke riƙe da shi a kai da gindi, sun yi tsatsa kamar ƙanzo. Kawu ya yi murmushin wanda ya shirya, ya fito da kwali. Wanda ya sayar masa da mashin ɗin ya haɗa masa da sababbin boris, irin na injin, da takarda a ciki.

Baba ya ɗauki ɗaya ya kai kunne ya girgiza. Ya ɗan yi kas-kas. Ya sa yatsa ya murza, ya yi ta juyawa ba ya son tsayawa.

"An cuce ka, ya zol," ya ce wa Kawu, wato "ya kai mutumin nan". Shi balli yake kiran boris. "Wannan balli ya gama aiki a wani wuri, aka wanke shi aka sa a kwali. Balli mai kyau ba ya rawa. Kuma dubi, tsirara yake, ko murfi babu."

Washegari ya hau mota zuwa kasuwar Gadarif ya dawo da nasa zaɓin: boris irin na injin ban-ruwa, rufe da roba gefe da gefe, cike da giris, matsattse ƙam, sai ka yi nishi kafin ya juya.

Ni a lokacin malamin makaranta ne, da mata da 'ya'ya biyu, amma a cikin baƙin mai na girma, kuma na karanta takardar nan. Abin da ta ce a fili yake. Injin ban-ruwa tafiyar raƙumi yake yi, wannan kuwa gudunsa ya ninka nasa sau da yawa. Zafi na kumbura ƙarfe, saboda haka da gangan aka bar wa boris ɗin ɗan sarari. Kuma buɗe aka bar shi don man da ake gauraya wa fetur ya riƙa wanke shi. Matsattse mai murfi zai yi zafi ya cije a tsakiyar ruwa. Na sami Baba shi kaɗai na yi masa bayani, a hankali, kamar mai roƙon gafara.

"Takarda ta taɓa ɗaure noti?" ya ce.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na tsaya ina kallo ya sa bututu da guduma ya kora boris ɗinsa, ya haɗa injin. Da ya kama karanshaf zai juya da hannu sai abin ya yi masa gardama. Ya sake gwadawa. Sannan ya ce haka sabon abu yake, ya tafi alwala.

Saura kwana biyar a gwada, sai ga labarin rasuwar wani tsohon abokinsa a Fau. Baba ya ce zai je gaisuwa, sai an yi sadakar uku zai dawo. Ya miƙa wa Inna, mahaifiyata, makullin wurin aiki ya hau mota.

Motar ba ta gama ɓacewa ba na je wurin Inna. Ban ma buɗe baki sosai ba ta kwance bakin zanenta ta ajiye makullin a kan tabarma, ta juya baya.

"Ni ban ga komai ba," ta ce. "Me kuma kake bukata?"

Tukunyarta ta suya nake bukata, da man riɗi. Baba da kansa ya koya mini wannan: boris marar murfi ba a dukansa, a mai mai zafi ake tsoma shi ya buɗe, a sanyaya sandar da ƙanƙara ta tsuke, sai ya zame ya zauna da kansa. Kwana biyu muka yi. Na warware injin, na ciro boris ɗin Baba da ƙyar da jiɓin goshi. Matar da ba ta ga komai ba ita ke fifita gawayi, tana yi mini faɗa kada in ƙona mata mai. Kawu muka sa gadi a ƙofa, abin da ya zama kuskure, don duk wanda ya zo wucewa sai ya tare shi ya ce masa babu abin da ake yi a ciki. Da na tsamo boris na farko cikin na kwalin Kawu da awartaki na zura, ya tafi sulu ya zauna. Na biyu ma haka. Na juya karanshaf da yatsa biyu. Na haɗa komai, na shafa ɗan datti inda datti yake, na cusa na Baba a cikin buhun riɗi.

Ranar gwaji bayan la'asar garin ya taru a bakin kogi, har da makanikai biyu daga Fau da suka ce wai hanya ce ta biyo da su. A nan muka gano Kawu bai iya iyo ba. Ya fito da jallabiya da rawani, ya ɗaura tiyub ɗin tayar mota a ƙugu. Inna daga cikin mata ta ce ruwa dai ba sa'an kwando ba ne. Baba ya sa hannu ya tayar da injin. Injin ya yi tari sau biyu, sannan ya kama da wata ƙara siririya da ba mu taɓa ji ba a Mafaza.

Kawu ya hau ya matsa abin ba da wuta. Mashin ya ɗaga kai ya cilla, rawani ya tsaya a inda aka baro shi. Muna jin salatinsa daga tsakiyar kogi. Ya yi kewaye uku, ba don gwaninta ba, don bai san abin ba shi da birki ba. A ƙarshe ya shige cikin ciyawar ɗaya gaɓar, injin na ci gaba da kuka lafiya lau, shi kuma yana ɗaga hannu wai a zo da kwalekwale.

Mutane suka yi caa a kan Baba. Wani na cewa tamam, ya usta, wato aiki ya yi, wani na cewa gobe zai kawo injinsa. Baba ya gyara hula ya ce, "Na gaya muku, sanin balli ba na yara ba ne." Na yi murna har idona ya kawo ruwa, na kuma ji kunyar kaina, don na yi wa mahaifina ƙarya da hannuna.

A hanyar gida muna tafe mu biyu, yana gaba ina baya. Da muka bar mutane sai ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Man ya yi zafi sosai kafin ka tsoma?"

Na ce, "Baba…"

"Ina tambayarka."

"Ya yi, Baba."

"To, madalla." Ya ɗan yi tafiya. "Tun ranar da na juya shi da hannu na san nawa ba za su yi ba. Amma na riga na yi magana a gaban ƙanen mahaifiyarka, da kai, da rabin gari. Mutumin da na shekara ashirin ban gani ba, kana tsammani gaisuwarsa ke cin kwana uku? Zaman tabarma na yi ta yi ina addu'a Allah ya sa ɗan da na haifa ba wawa ba ne."

Na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ya tsaya, ya juyo, sai na ga ya tsufa fiye da yadda nake ɗauka.

"Nan gaba in an kawo injin da ban sani ba, ka biyo ta wurina kafin ka wuce makaranta," ya ce. "Ka karanta mini takardar a ɗaki, mu biyu, kafin in fita in buɗe baki."