Malam Zakari, Wanda Ya Sauko da Taswira Ƙasa

An haifi Malam Zakari a shekarar 1958 a garin Sarkin Yamma. Mahaifinsa Yahaya manomin gero ne, mahaifiyarsa kuwa ita ce Binta.

Karatunsa

Ya fara da allo, sannan aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, a 1965. Daga nan ya wuce Maraɗi, ya kammala horon malanta a Damagaram a 1980.

Aurensa

A 1983 ya auri Hasana, mutumiyar Safo, suka zauna a Madarumfa har ƙarshen rayuwarsa.

Aikinsa

A 1986 aka ba shi ajin ƙarshe na firamare. A jarrabawar gwaji ta shekarar, kusan duk ɗalibansa suka rubuta cewa Gulbin Maraɗi daga arewa yake gangarawa zuwa Najeriya, alhali a gaban idonsu yake shigowa daga kudu kowace damina. Da ya bincika, sai suka ce ai a taswirar da ke rataye a bango Maraɗi ce a sama, ruwa kuma ba ya hawa bango. Malam bai ga wautarsu ba ko kaɗan. Ya sauko da taswirar, ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya daidaita gabas ɗinta da alƙibla, ya sa yaran suka tuɓe takalma suka kewaye ta. Nan take kowa ya nuna tafkin Madarumfa da hanyar gidansu. Haka ya koyar da jadawalin ruwan sama, ta hanyar jera karan dawa dogo da gajere a ƙasa.

A 1994 wani mai duba makarantu ya tarar da taswirar ƙasa a cikin rairayi, ya kira abin wulaƙanta kayan gwamnati, ya gargaɗe shi cewa ko ya mayar da ita bango ko ya manta da shugabancin makaranta. Malam ya ji zafin wannan matuƙa, domin ya daɗe yana burin muƙamin, amma bai mayar ba. Ɗalibansa suka riƙa cin jarrabawa, ƙannensa a aiki suka riƙa zama shugabanninsa, har ya yi ritaya yana malamin aji a 2018. Madarumfa tana alfahari da shi.

Rasuwarsa

Allah Ya karɓi ransa ranar Juma'a, a watan Sha'aban na 2023, aka yi masa sutura a Madarumfa bayan la'asar, mafi yawan waɗanda suka tsaya a sahun sallar tsofaffin ɗalibansa ne. Ya bar matarsa da 'ya'ya huɗu: Bashir, Shamsu, Ruƙayya, da Bushira, wadda aka naɗa shugabar makarantarsa wata biyu bayan jana'izarsa.