Awabu da Hoton Ɗan Dako

Ni na riga kowa gane gwanintar Awabu, tun tana yawo da 'yar kyamararta a kasuwar Lewisham tana ɗaukar masu doya. Ban taɓa zama a aji ba, amma Allah ya ba ni ido. Sanyin Landan ya kwashe sa'o'ina, likita ya tsaga ƙirjina ya ɗinke, ga ni daram. In na ce mutum gwani ne, a yarda kawai.

Duk Asabar in zafi ya shigo, wannan 'yar zangon Kumasi takan idar da asuba ta saɓa jakarta, ta bi jirgin ƙasa zuwa filayen da Turawa ke sa kakin sojan zamanin da, suna kwaikwayon Yaƙin Duniya na Biyu. Aikinta hoton mutum ɗaya ɗaya. Ba ta dannawa sai ta zagaya mutum, ta sa ya cire agogon zamani, ta matsar da shi har motocin 'yan kallo su fice daga bayansa.

A can Zuberu ya same ta, direban bas ɗan Bauci da ke zaune a Tottenham. Mahaifinsa ya je yaƙin Bama a matsayin ɗan dako, akwatin harsashi ya yi ta ɗauka a ka cikin kurmi, kuma bai bar hoto ko ɗaya ba. Zuberu ya shiga wasan ne don ya tsaya a madadinsa. Sai dai duk hoton da aka yi, yana can gefe, rabin fuska a ɓoye. 'Yarsa Ameera ta faɗa masa da Turanci cewa ba za ta nuna wa yaranta kakansu yana yi wa Turawa dako ba. Ranar da nake wurin, da bindigar aro ya zo.

"Hajiya, yau da wannan za ki ɗauke ni."

Awabu ta ce, "Babanka ya riƙe bindiga?"

"Bai riƙe ba."

"To baban wa ka yi booking in ɗauka? Ɗauko akwatinka, Malam Zuberu."

"Yarinyar ce ba ta so."

Da Hausarta ta zango ta ce, "Yarinya bai ga komai ba tukuna."

Ta hau da shi kan wani tudu. Ta jera masu bindiga a gangare, can bayansa. Wani mai kayan hafsa ya ce ai gaba ne wurinsa, ta ce, "Yallaɓai, in babu akwatin harsashin nan, bindigarka sanda ce kawai." Ya yi dariya ya koma. Sannan matar nan mai jikoki ta durƙusa, abin bai yi mata ba, ta kwanta rub da ciki cikin taɓo ta ɗaga kyamara sama.

Da hoton ya fito, Zuberu ya cika shi fal. Akwatin ya tokare gajimare, jijiyoyin wuya sun miƙe, sojoji ƙanana ƙanana suna biye da shi. Ameera ta daɗe tana kallo, sannan cikin gurguwar Hausarta ta ce, "Baba, mene ne sunansa?" Ba ta taɓa tambayar sunan kakanta ba sai ranar.

Awabu, ke ce mai sanin inda za a tsaya a kalli mutum. Ke ce kika ƙi ɗaukar ƙarya, kika mayar wa mamaci jikarsa. Bana gwiwa ta ce ta gaji, kin ajiye aiki. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku masu ɗaga waya kuna danne-danne, ku koyi durƙusawa.

Hoton yana rataye a falon Ameera a Dagenham. Mai musu ya zo in kai shi da kaina. In ya tsaya gabansa ya iya kiran mutumin nan ɗan dako da raini a bakinsa, zan tuɓe hulata in ba shi.