Itacen Ɗorawar Gwaggo

Rufin kwano na farko a unguwarmu ta Funtua na gidanmu ne, kuma ƙwallon Turawa ce ta saya mana shi. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, Turawan da suka rage suna ciniki a garin suka nemi fili a bayan gari don wasansu na golf. Mu dai dariya abin ya ba mu: manyan mutane da furfurarsu, su maki 'yar ƙwallo mai kamar ƙwan zabo da sanda, su bi ta da ƙafa cikin rana har ta faɗa rami.

Dariyar ba ta hana mu ci ba. Ciyawa ba ta jure rani a wajenmu, don haka yashi ake gaurayawa da baƙin man mota a daɓe bakin kowane rami. Maigidana yana da jakuna, sai aikin ɗebo yashi daga rafi ya faɗo hannunsa. Makanikai 'yan kudu na tasha suka fara sayar da baƙin man da a da suke zubarwa a kwata. Masu yankan ciyawa, masu wanki, har matan garin Ƙarfi masu kawo ƙwan zabi, kowa ya samu rabonsa. Ni kuwa tuwon ma'aikata nake yi, kuma ba na ɓoyewa, kaina ya yi girma a lokacin.

Gwaggo, ƙanwar mahaifina wadda ta raine ni, ba ta da gona a filin, amma tana da itatuwan ɗorawa da ta gada daga uwarta. A wajenmu gona daban, itace daban. Mutum yakan noma ƙasa alhali ɗorawar da ke tsakiyarta ta wata ce. Aka sallami masu gonaki, ba wanda ya tuna itace ma da mai shi. Da kalwar itatuwan nan take daddawar da ake nema har Malumfashi da Dayi, da ita take ci, da ita ta yi mini kayan ɗaki.

Da farko an bar itatuwan. Da bazara takan shiga da ƙugiyarta ta yi ɗiba kafin masu wasa su fito. Daga baya aka ce suna tare wa ƙwallo hanya. Maigidana aka ba aikin sarewa, aka bar masa itacen a matsayin lada. Jakuna suka yi ta saukewa a tsakar gidana, ya ce, "Ga shi nan, ya kai ki har damina." Na san itacen da na gani. Amma itace na tsada, ga tukunyar ma'aikata kullum a kan wuta, sai na jera shi a gindin katanga.

Bayan an buga kwano Gwaggo ta zo ganin gida. Ta ɗaga kai ta daɗe tana kallo, ta ce Allah ya sa rai aka yi wa. Sannan ta zauna kusa da ni a bakin murhu, ta jawo guntun itace ɗaya, ta shafa ɓawonsa da babban yatsa.

"Wannan ta gabas ce, ɗiyata," in ji ta. "Ita ce mai yawan 'ya'ya."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Da ta zage ni, da na samu sauƙi. Sai kawai ta tura itacen cikin wuta da hannunta, ta ce, "Gyara wutarki, kada tuwon mutane ya ƙi dahuwa."

Da za ta tafi ta kwance bakin zanenta ta ba ni ƙullin daddawa. "Ki riƙa sawa kaɗan-kaɗan. Daga wannan babu."

Kaɗin auduga ta koma yi, idonta kuwa ba ya gani sosai. Nakan aika mata da tuwo da sabulu, ta karɓa ta sa albarka, albarkar ta fi zagi ciwo a raina. Daddawar kuwa ban iya sa ta a miya ba. Ta zauna cikin ƙwarya har ta bushe ta zama kamar tsakuwa, kuma ranar da Gwaggo ta tambaye ni ko ta yi daɗi, na ce mata ta yi.