Allurar Tukunyar Des Trevaskis

Ranar Talata, tara ga Satumba, da hantsi, ƙanwata Glenys ta buga mini waya ta ce mijinta Desmond Trevaskis ya cika a gidansu da ke garin Zeehan. Shekararsa saba'in da huɗu. Ni Merle ce, yayar matarsa, kuma shekara arba'in da shida na yi ina tsokanarsa. Ban yi karatu mai zurfi ba, a yi haƙuri da rubutuna.

Des, shekara talatin ka yi a ramin kuza kana auna iska kafin a bar maza su sauka. Ba a taɓa fito da gawa daga ramin da ka ce a shiga ba. Ƙurar ramin kuwa ta zauna maka a huhu, har ka koma numfashi da siririn tiyo a hanci, injin iska yana gurnani a gefen kujerarka.

A nan ka ɓullo mana da wasan nan na ranar Alhamis. Mu tsofaffi, jikoki rututu, mu zauna a teburin kicin da ƙwayar lido, wai mu 'yan sama jannati ne, kai kuma kana ba mu labarin duniyar da kumbonmu ya sauka. Duniyoyinka babu ta kirki ko ɗaya. Wata ruwan samanta yana cin ƙarfe. Wata iskarta ƙamshin tuffa take, ka shaƙa ka yi ta dariya har ka kwanta. Kowa da kofin maɓallan riga a gabansa, su ne iskarsa, kuma duk wanda ya buɗe baki ya yi magana sai ya ba da ɗaya. Sau goma sha ɗaya na mutu. Kakan ce, "Merle, ke ba guba ke kashe ki ba, bakinki ne."

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ranar nan ta Fabrairu. Daji ya kama da wuta, hayaƙi ya rufe gari, rana ta koma ja. Muna tsakiyar wasa, ranar mu uku ne kawai, ni da kai da Glenys, ƙarfe biyu, aka ɗauke wutar lantarki. Injinka ya yi shiru. Glenys ta jona maka ƙaramar tukunyar iska, ta minti arba'in, ta kira motar asibiti. Aka ce babbar hanya a rufe take, sai sun zagayo, wajen awa ɗaya. Ta fita bakin titi ta tsaya don kada su wuce gidan cikin hayaƙi. Saura ni da kai.

Ka san lissafin fiye da kowa, shi ya sa ka firgice. Kana haki, kana gaya mini inda takardun gida suke, da wanda za a ba karenka. Allurar ma'aunin iska da ke kan tukunyar tana sauka ina gani.

Na jawo tukunyar, na juya fuskarta wajena. Na zuba maka maɓalli goma.

"Yau ni ce mai labari," na ce. "Dokarka ce, tsoho. Magana ɗaya, maɓalli ɗaya."

"Merle, ba lokacin…"

"Tara."

Ka harare ni, amma ka rufe baki. Na ce kana kwance cikin motar ƙarfe a Kessa, ɗaya daga cikin duniyoyinka, rawayar iska tana lasar gilashi, in ka motsa ta ji ka. Ban iya ba, Allah ya sani. Da labari ya ƙare mini sai na ce ga shagon wata mata mai sayar da kek can a gindin dutse.

"Wuta ba ta ci a Kessa," ka ce. "Da me za ta gasa?"

"Takwas. Tandarta ta gado ce."

Kafaɗunka suka fara sauka. Numfashin ya daidaita kaɗan. Can ka nuna tukunyar da ido.

"Saura nawa?"

"Bakwai. Da sauran rabi."

Sau uku ka tambaya, sau uku na ce rabi. Da masu motar suka shigo, ka ce musu, "Ku rage gudu, da sauran iska." Matar da ke cikinsu ta duba allurar, ta dube ni, ta yi maza ta sauya tukunyar.

Des, ƙarya na yi maka. Tun tambayarka ta farko allurar tana cikin ja. A ta uku ta riga ta kwanta, ban san me kake shaƙa ba. Kai da ba ka taɓa ƙara wa ma'auni ko rage masa ba, na bar ka wata bakwai kana gaya wa mutane cewa tukunyar nan ta fi yadda aka rubuta a jikinta. A cikin watannin nan ka riƙe sabuwar jikarka, jaririya Tamsin, aka sa mata suna a gabanka. Ka yafe mini, amma ban yi nadama ba.

Ubangiji ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya sauke ka inda ƙirji ba ya nauyi. Glenys, ƙanwata, Allah ya ba ki haƙuri. Noelene da Warwick, ubanku mutumin kirki ne, Allah ya dafa muku ku da 'ya'yanku. Amin.

Merle Pascoe