Wutar Gidaje Bakwai

Nabla McFadden ba ta taɓa hura wuta da ashana ba. An haife ta a wani ƙauye na gaɓar tekun Donegal, can ƙasar Turawa, a gidan da wutar murhunsa ba ta mutu ba tun zamanin kakarta.

Kakar ce ta ga shekarar da dankalin Turawa, abincin garin, ya ruɓe a ƙasa, kwalara ta biyo bayan yunwa. Waɗanda suka tsira suka riƙa shiga jirgin ruwa zuwa Amurka. A al'adar garin, duk gidan da za a rufe, maƙwabciya takan ɗebi garwashinsa ta zuba a murhunta, don in masu gida sun dawo su tarar da wutarsu da rai. Ta haka wutar gidaje bakwai ta taru a murhu ɗaya, Nabla ta gaje ta. 'Ya'yanta shida, huɗu sun bi jirgi su ma. Ba ta cika ƙorafi ba. Tana da saniya, da kaji, da wasiƙu.

A 1958 hukuma ta gina musu sabon gida a bakin titi. Ranar ƙaura aka tashi da ruwan sama. Ɗanta Condy ya tarar tana cika tukunyar ƙarfe da garwashi.

"Haba Inna, akwai ashana a can fa. Tsoffin maƙwabta su Doogan ɗin da kike wa ajiyar wuta, jikokinsu ma sun yi furfura a Boston ta Amurka."

"Sun aiko maka cewa sun yafe?"

"Ba su ma san da ke ba."

"Ni na san da su. Cire kwat ɗinka ka kare mu, sarkin surutu."

"Ke ko tukunyar?"

"Ni in na jiƙe zan bushe."

Haka suka gangara, tsohuwa mai shekara saba'in da huɗu riƙe da tukunya, ƙato a gefenta yana yi wa garwashi laima, ruwa na bin wuyansa. A tsakiyar hanya hayaƙin ya ɗauke. Kafin ta yi magana Condy ya durƙusa cikin taɓo yana hurawa, har ja ya bayyana a ƙarƙashin toka.

Da suka isa ta juye garwashin a sabon murhu, ta ɗora ruwan shayi. Condy ya yi kwana uku yana atishawa. Duk wanda ya zo duba shi sai ya sha labarin yadda ya ceci wutar, Nabla kuwa ba ta gyara masa ko kalma ɗaya ba.